Gidaɗo da Raɓar Barsim

Duk Bahaushen da ya daɗe a Alƙahira ya san Malam Gidaɗo, ko bai san sunansa ba ya san tafiyarsa. Dogo ne siriri, kafaɗunsa a buɗe kamar har yanzu sanda na gicciye a kansu. Ya fi shekara ashirin yana taka kwaltar Wustul Balad, tsakiyar birnin, amma tafiyar ba ta sauya ba, ta mai bin shanu ce. Zai yi taku kaɗan ya dakata, ya waiwaya, kamar an bar wata a baya.

A wata ruga aka haife shi, gabas da Maigatari. Farin shekarar tamanin da huɗu ne ya share garken ubansa, ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙarshe ita ce Wule, saniyar mahaifiyarsa, wadda da nononta aka yaye shi. Da ciyawa ta ƙare suka yaye bunun ɗaki suka ba ta, ta ci. Ta ci zana, ta ci tsumma. Cikin sanyi ta mutu, da safe, kanta a cinyarsa, tana lasar tafin hannunsa da babu komai a ciki. Shi ba ya ba da wannan labari. Matarsa Fatuma ce, Allah Ya jiƙanta, ta taɓa faɗa wa mata a gidan suna, ta ce har a mafarki yakan kira sunan saniyar.

Bayan farin ya bi hanyar gabas da niyyar karatu da aikin Hajji. Ya zauna Sudan, can ya auri Fatuma, suka gangaro Masar. Karatun bai yi nisa ba, ciyar da gida ya sha gabansa. Ya samu aikin dafa shayi da shara a ofishin wani kamfani mai yawo da baƙi, ya riƙe shi da gaskiya har gemunsa ya yi furfura. Duk tsawon shekarun nan bai shafa bayan saniya ba ko sau ɗaya. In ya bi ta gaban shagon mahauta sai ya kau da kai.

Da hargitsin siyasa na dubu biyu da sha ɗaya ya zo, baƙi suka ɗauke ƙafa, aka garƙame ofishin. Fatuma ta riga ta rasu, Allah bai ba su haihuwa ba. Ya kusa shekara biyu yana 'yan aikace-aikace, yau a samu gobe a rasa. Wata ranar kaka ya biya shagon abokinsa Habibu a Dokki, wani Babarbare mutumin Damagaram mai aika wa 'yan kasuwa kaya gida.

"Ga bawana ya zo gaisuwa," in ji Habibu, bai ko ɗago daga kwalin da yake ɗaurewa ba.

"Yaushe Babarbare ya mallaki ko akuya, balle mutum?"

"Zauna ka sha shayi, Fillo, ka rame kamar sandarka. Na samo maka aikin da ya dace da kai. Kwasar kashin shanu."

Gidaɗo ya ajiye kofin da aka miƙo masa. "A ina?"

"Ka ga idonsa. Da na ce ofis ne da ko motsi ba zai yi ba." Habibu ya yi dariya. "Matar da ke kawo wa uwargidana madara ce, Hajja Amna. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta maza duk sun tafi aikin gini. Na ce mata ina da mutumin da ya fi jin maganar shanu a kan ta mutane."

Gonar tana can bayan gidajen ƙarshe na Giza, inda ƙananan motocin haya ke juyawa. Daga nan sai a bi bakin magudanar ruwa a ƙafa. Dogayen gidajen jan bulo da ba a yi wa yaɓe ba sun kewaye ta ta gefe uku, kullum kuma ana ƙara hawa. A turken akwai gamusa uku, baƙaƙen ɓaunayen gida da Misirawa ke tatsa, sai saniya ɗaya ja, can a kusurwa.

Hajja Amna gajeriya ce kakkaura, baƙar rigarta ta koɗe a kafaɗa, muryarta kuwa ana jin ta daga tsallaken ruwa. Ta nuna saniyar da haɓa.

"Wannan ce Warda. Ita kaɗai ta rage daga shanun maigida. Boru, ciwon baki da kofato, ya shigo mana da bazara, ya kwashe sauran da 'yan maruƙansu. Ita ta tashi, amma ga ta nan, ka gani."

Ya gani. Ana ƙirga haƙarƙarinta daga bakin ƙofa, kofatonta bai gama warkewa ba, tana taka ƙasa a hankali kamar mai tafiya a kan ƙaya. Ya matsa, ya yi mata wani ɗan sauti da harshe wanda ya ɗauka ya manta. Ta juyo, ta shinshina hannunsa, ta lasa.

"Ƙanen maigida, Hussain, ya ce in barsim ya ƙare ba ta murmure ba, mahauci zai kira," in ji Hajja Amna. "Yana da haƙƙi a cikinta, ba zan iya hana shi ba. Ni dai ba na son in ga an ja ta. Za ka iya, ya Ammu Gidado?"

Ammu shi ne baffa a bakinsu. Ya ce da yardar Allah. A ransa kuwa alkawari ya ɗauka: saniya ba za ta sake jin yunwa a hannunsa ba.

Barsim ciyawar sanyi ce. Da an cire masara sai a malala ruwa a gona, a watsa irin a kan laka. Gidaɗo ya sha ganin ta a kan amalanken jakuna cikin gari, amma bai taɓa tsayawa a gonarta ba. Nan ya ga ta tsiro, ta rufe ƙasa, ta kai gwiwa, ganyenta uku-uku, karanta mai rami da taushi. Sanyi na ƙaruwa, ita kuma tana ƙara kore. Abin ya tsaya masa a rai. A garinsu sanyi shi ne ƙofar yunwa, lokacin da daji ke bushewa, ake tsimin harawa, ake kora shanu tun duhun asuba su yi nisa neman abin taɓawa. Ga shi a nan sanyin ne daminar dabba. Yakan tsaya a kan kunya bayan sallar asuba ya yi ta kallo, yana lissafin kwana nawa ne tafiya daga nan zuwa Maigatari, kamar in an yi sauri za a iya kai wa wata saniya ciyawar.

Ranar da aka fara yanka, Hajja Amna ta gindaya masa doka.

"Yankan fari ruwa ne zalla. Kada ka sa lauje sai raɓa ta bushe. In ka yanka, baza shi ya sha rana. Ka fara ba su tibin, sannan ka cakuɗa barsim kaɗan a ciki. Kaɗan, ka ji?"

Tibin karmamin alkama ne da aka daddatse, busasshe fari. Gidaɗo ya ɗebo shi a hannu ya murza. Ya ce, "Tamam, ya Hajja." Amma zuciyarsa ba ta ce tamam ba. A wurinsu irin wannan sai babu ake ba dabba, shi ne ƙanen bunu. Wa zai cika cikin ramammiyar saniya da tattaka alhali ga kore har bakin turke? Ya san dokar raɓa sarai, tun yana yaro ba a sakin shanu da damina sai hantsi ya ɗaga. Sai dai wannan ai ta damina ce. Sanyin da ya sani ba ya zuwa da raɓa, da yunwa yake zuwa, kuma maganinsa sammako. Ya yanke a ransa cewa matar tana da kirki, amma akwai 'yar rowa, tana tsimin ciyawar ne don ta sayar wa masu jakuna.

Kwana shida ya bi dokar. Kullum Warda ta tsince koren ta bar tibin, ta ɗago ta dube shi.

Ran na bakwai Hajja Amna ta fita da wuri kai madara Dokki. Raɓa ta sauka a gonar kamar hayaƙi, ko gidajen bulon ba a gani. Warda ta miƙa wuya ta kan katanga wajen koren, ta yi wani dogon kuka mai rauni. Ya san kukan. Ya ɗauki lauje ya shiga, wandonsa ya jiƙe sharkaf har cinya. Ya yanko runguma uku manya, ruwa na ɗiga, ya share tibin daga komin da hannu, ya zuba mata.

Ta ci. Ta naɗe da harshe, ta cika baki, kore na zubo mata ta gefe. Ya tsuguna gabanta yana tura mata wanda ya faɗi, yana cewa, "Ci, ci abinki, akwai saura." Sai da sunan ya fita daga bakinsa sau biyu sannan ya ji cewa Wule yake kira. Tun da ya bar gida bai ji sanyi a ransa irin na wannan safiya ba. Ya ƙaro runguma ta huɗu, ya wuce share wajen gamusa.

Shirun ne ya dawo da shi. Saniyar da ta ƙoshi tana kwanciya ta yi tuƙa, ana jin ƙarar haƙoranta. Warda tana tsaye, ƙafafu a ware, wuya a miƙe, harshe waje. Kwiɓinta na hagu ya taso har ya fi ƙashin bayanta tudu. Ya buga da yatsa, ya amsa kamar ganga.

"Inna lillahi," ya ce a hankali. Ya san wannan. Ya taɓa gani a shanun da suka faɗa gonar ɗanyen wake. Bai dai taɓa kawowa ciyawar da aka shuka don dabba za ta yi haka ba.

Ya karyo reshe ya gicciya mata a baki, ya ɗaure ta bayan ƙaho don ta yi ta tauna ko gyatsa ta zo. Ya ruga madafin Hajja Amna, inda bai taɓa shiga ba, ya ɗauko kwalbar man girki ya ɗura mata. Ya ja ta zuwa tudun bakin ruwa, ƙafafun gaba a sama, yana danna kwiɓin da dunƙulen hannu. Cikin bai sauka ba, ƙaruwa yake. Numfashinta ya koma guntu-guntu. Ta yi tangaɗi ta zube.

Matan maƙwabta sun hango daga bene. Kafin a jima sai ga Hussain da gudu, ya tattare galabiyyarsa a hannu ɗaya, doguwar wuƙa a ɗayan. Hajja Amna na bayansa, ta dawo ke nan, bokitan madara ba ta ko ajiye ba.

"Yalla, juya min ita alƙibla kafin ta zama mushe," in ji Hussain.

Hajja Amna ta dubi komin, ta ga jiƙaƙƙen kore, ta ga tibin a ƙasa. "Me ka ba ta?"

"Barsim da raɓa, ya Hajja. Runguma huɗu. Ba tibin. Ni na yi."

"Ka ji ko?" Hussain ya durƙusa wajen wuyan. "Na ce miki mai dafa shayi ne, kika ce makiyayi."

"Dakata," in ji Gidaɗo. Ya zaro 'yar wuƙarsa ta yankan igiya. "A bar ni in huda cikin. Iska ce da kumfa, in sun fita za ta yi numfashi."

"Ka taɓa yi?" Hajja Amna ta tambaya.

"Na riƙe wa babana sau biyu. Ɗaya ta tashi."

"Ɗayar fa?"

"Ba ta tashi ba."

"In ta mutu da wuƙarka a ciki, ba saniya ba nama," in ji Hussain. "Amna, ki yi magana, idonta ya fara juyawa."

Ta ajiye bokitan. Ta dubi saniyar mijinta, ta dubi baƙon da 'yar wuƙarsa.

"Hussain, zauna nan da wuƙarka a wuyanta. In na ce yanka, ka yanka. Kai kuma yi abin da za ka yi."

Ya laluba ƙashin ƙugu, ya laluba haƙarƙarin ƙarshe, ya auna tafin hannu a tsakani, daidai inda ya ga yatsan ubansa ya tsaya shekaru da yawa da suka wuce. Ya yi bismillah. Ya caka ya murɗa. Iska ta fito da ƙara, da wari mai tsami, kore kumfa ta biyo ta fesa masa a gemu da ƙirji. Ya zura guntun gora daga bakin ruwa, kumfa ta toshe shi. Ya jefar, ya ƙara faɗin hujin, ya riƙe bakinsa a buɗe da yatsu biyu, ɗaya hannun yana danna cikin. Kwiɓin ya fara sauka a ƙarƙashin tafinsa, kaɗan kaɗan, kamar salkar da aka kwance wa baki.

Warda ta ja dogon numfashi. Ta sake ja. Can sai ta yi gyatsa, mai ƙarfi, har Hussain ya ja da baya.

"A fuskata kuma," in ji Hussain, yana goge ido da hannun riga. Ya dubi wuƙarsa kamar bai san me ya kawo ta hannunsa ba, ya soke ta a ƙasa.

Kafin azahar ta miƙe da kanta. Likitan dabbobi ya zo da la'asar, ya wanke, ya ɗinke, ya yi allura, ya yi faɗa son ransa. Da ya gama faɗan ya tambaya wa ya nuna wa tsohon nan wurin hudawa, don bai kauce ba ko da faɗin yatsa.

Da kowa ya watse Gidaɗo ya naɗe 'yan kayansa a buhu, ya zo ya tsaya nesa kaɗan da inda Hajja Amna ke wanke bokitai.

"Ina za ka da buhu?"

"Na karya dokarki. Na kusa kashe miki ita."

"Na sani, ina wurin. Abin da nake so in ji, me ya sa? Ban faɗa da Larabcin da kake ji ba ne?"

Ya sunkuyar da kai. "Na ji. Na ɗauka rowa ce."

Ta daina wankin. "Ni? Ni ce mai rowa? Ni da nake zuba maka cokali uku na sukari, kai kana cewa ya isa?"

"Ma'alish, ya Hajja."

"Ma'alish ba ta ɗinke ciki. Faɗa min sauran."

Nan ya faɗa mata, a tsaye, buhu a hannu. Bunun ɗaki, zana, tafin hannun da babu komai. Ya ce tun ran da gonar nan ta yi kore bai ga Warda ita kaɗai a turken ba, har da Wule yake gani.

"Allah Ya jiƙan mahaifiyarka," in ji Hajja Amna. "Waccan saniyar ta riga ta tafi, ya Ammu Gidado, ko ka yanke gonar nan duka ba zai kai gare ta ba. Wannan tawa ce, kuma cikinta ɗaya ne. Ajiye buhun. In ka tafi wa zai wanke mata ciwon? Hussain?"

Ya ajiye.

Wata guda yana wanke ɗinkin da ruwan gishiri mai ɗumi, safe da yamma, yana kore ƙuda da reshen dabino. Ciwon ya mayar da ita baya, sai a yanka na uku ta fara cika. Da barsim ya yi fure ya tsufa, zafi ya shigo, Hussain ya zo kamar yadda ya ce. Ya zagaya ta, ya matsa bayanta, ya kama fatar wuya ya saki. Ba ta yi ƙiba ba, amma haƙarƙarin ya ɓuya, gashinta na sheƙi. Ya ce mahauta ba sa son fata mai tabo, a bar ta tukuna. Bai sake tayar da maganar ba. Shekara ta zagayo ta haifi karsana, ja kamar ita. Habibu ya ce a sa mata sunan Barebari ko ta yi hankali. Hajja Amna ce ta raɗa mata suna, Gidaɗo bai nemi a bar masa raɗin ba.

Yankan ƙarshe na kowace shekara shi ake bar wa. Yakan busar da shi, ya ɗaure dami-dami irin ɗaurin harawa, ya jera a kan rufin turken, har maƙwabta suna leƙowa su ga ɗaurin. A daidai wannan lokaci ne ƙanwarsa Dije kan kira daga gida ta ce an yi ruwan fari, ƙasa ta yi ƙamshi. Sai ya tambaye ta ko ciyawa ta tsiro a gabas da tsohuwar rugar. Ta ce Yaya, wurin ai gonaki ne yanzu. Ya ce ya sani, tambaya dai yake.

Har sanyin dubu biyu da sha biyar yana nan a gonar, ko da yake bulo ya ci kusan rabinta. Aikin da ya fi masa wuya ba yanka ba ne, ba kwasar kashi ba ne. Jira ne. Da ya idar da sallar asuba sai ya zuba tibin a komi, ya kifa bokiti a bakin turke ya zauna, lauje a gefensa, carbi a hannu. Ga kore nan a gabansa yana ɗigar ruwa. Warda ta miƙo wuya ta yi kukan nan, shi kuma ya miƙa hannu ta baya, ba tare da ya waiwaya ba, ya dafa tabon da ke kwiɓinta.

"Na ji," yakan ce mata. "Akwai. Ba ƙarewa zai yi ba."

In rana ta haura gidajen bulo ta sauka a gonar, sai ya tashi ya shafa ganyen, ya kai tafin hannun kumatunsa ya ji. In da sauran laima ya koma kan bokitinsa.